Sauka a Gidan Baƙi na Iyali a Ƙauyukan Ƙasashen Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyan Sakkwato

Daga Sakkwato ana fita ƙasashen waje da dalilai iri-iri. Akwai masu zuwa ziyara Fas ko Kaulaha, akwai ɗaliban da ke karatu a Masar da Turkiyya da Malesiya, akwai malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke halartar tarurrukan ilimi a Turai, ga kuma 'yan kasuwa. Daga cikinsu ana samun waɗanda idan sun gama abin da ya kai su birni sukan so su yi 'yan kwanaki a ƙauye, inda sau da yawa babu otal, sai dai gidan wani magidanci da ya ware ɗakuna yana saukar da baƙi a biya shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa game da irin wannan masauki.

Mene ne ainihin wannan masauki, kuma a ina ya bambanta da otal?

Gida ne da masu shi suke zaune a cikinsa ko a gefensa, kuma su da kansu suke yin hidimar baƙi. Uwargida ce ke girki, maigida ko babban ɗansa ne ke karɓar kuɗi da nemo mota, 'ya'ya mata ne ke gyaran ɗaki idan sun dawo daga makaranta. Babu ma'aikacin da ke zaune a bakin ƙofa dare da rana, babu kicin da ke buɗe har tsakar dare, kuma idan baƙo ya dawo da ƙarfe ɗaya na dare, to wani ne daga cikin mutanen gidan zai tashi daga barci ya buɗe masa.

Basakkwace bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon abu ba. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro a gidan fatoma suke sauka, wanda yake ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, kuma kowa ya san abin da zai samu a ciki. Ma'ana dai mutum yana da matsayi biyu a lokaci guda: abokin ciniki ne mai biyan kuɗi, kuma baƙo ne a gidan mutane. Yawancin saɓanin da ake samu yana tasowa ne idan matafiyi ya riƙe ɗaya ya saki ɗayan.

A waɗanne ƙasashe ake samun sa?

Kusan ko'ina, sai dai kowace ƙasa da sunan da take kiran sa, kuma sanin sunan yana sauƙaƙa nema. A Maroko ana cewa dar ko gîte, musamman a ƙauyukan duwatsun Atlas irin su Imlil, wanda yake kudu da Marrakesh a gindin dutsen Tubkal mai tsayin mita 4,167. A Turkiyya sunansa pansiyon. A Faransa chambre d'hôtes ne, kuma dokar ƙasar ta taƙaita shi ga ɗakuna 5 da baƙi 15, tare da karin kumallo a cikin kuɗin. A Italiya akwai agriturismo, wato gidan gona mai karɓar baƙi, wanda aka yi masa doka tun 1985. Gwamnatin Malesiya ta ƙaddamar da shirin saukar baƙi a gidajen ƙauye a 1995, kuma gidajen da ke cikin shirin suna da rajista. A kudancin Masar, ƙauyukan Nubawa da ke kusa da Aswan sun shahara da wannan sana'a. A yankin Kasamans na kudancin Senegal kuwa, tun shekarun 1970 wasu ƙauyuka suka kafa masaukai na haɗin gwiwa, waɗanda ribarsu ke tafiya ga hidimar ƙauyen gaba ɗaya.

Da gaske ne ya fi otal araha?

A Afirka da Asiya yawanci haka ne, a Turai kuwa ba dole ba, domin wani gidan gonar a Italiya ya fi matsakaicin otal tsada. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a san yadda aka ƙayyade farashin. Wani gidan kuɗin ɗaki yake faɗa, wani kuma kuɗin kowane mutum, saboda haka magidanci mai tafe da matarsa da yara biyu zai iya ganin adadi a waya ya ɗauka ya yi arha, sai ya isa ya tarar za a ninka shi sau huɗu. Haka kuma a ƙauyukan da babu gidan abinci akan haɗa kwana da abincin dare da karin kumallo a farashi ɗaya, abincin rana kuma daban. Wasu garuruwan suna da ɗan harajin baƙi da ake ƙarawa a kan kowane dare, wanda ba mai masauki ne ya ƙirƙiro shi ba.

Shin ba abin kunya ba ne a yi ciniki da mutumin da zai karɓe ka a gidansa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mutanenmu, kuma a nan ne kara da kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kansu suke iya cutar da ɓangarorin biyu. Mun taso muna ganin cewa idan mutum ya shimfiɗa maka tabarma ya kawo maka ruwa, to maganar kuɗi ta zama rashin ɗa'a. Sai matafiyi ya yi shiru, a kawo masa shayi da gasasshen nama ya ci bai tambaya ba, a ce ga mota za ta kai shi kasuwar mako ya hau bai tambaya ba, sai ranar tafiya a miƙo masa lissafi ransa ya ɓaci, yana ganin an yi masa wayo. Shi kuma mai gidan yana mamakin baƙon da ya ci ya sha yake ɓata fuska, alhali wannan ita ce sana'ar da yake ciyar da iyalinsa da ita.

Maganin abin shi ne a gama duk maganar kuɗi tun kafin a taka ƙofar gidan, kuma a rubuce. A tambayi kuɗin dare ɗaya na adadin mutanen da ke tafe, da abincin da ke cikin kuɗin da wanda ba ya ciki, da kuɗin ɗauko baƙo daga tasha, da kuɗin wanki, da kuɗin ɗumama ɗaki idan lokacin sanyi ne, da abin da za a yi idan tafiya ta fasu. Mai masaukin da ya saba da baƙi ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, hasali ma sun fi kwantar masa da hankali. Idan ana neman ragi, a nan ne wurinsa, kuma an fi samun sa idan za a yi kwanaki da yawa ko kuma ba lokacin cunkoson baƙi ba ne. A Faransa da Italiya ba a saba taya farashin ɗaki ba, a Maroko da Masar kuwa ana iya nema cikin ladabi.

Da zarar an shiga gida kuma an ci gishirin mutane, to ciniki ya ƙare. Ba daidai ba ne, a ganina, mutum ya kwana uku a gida ana yi masa hidima sannan ranar biya ya fara neman ragi kamar yana taya albasa a kasuwa, domin a lokacin mai gidan ba shi da damar ƙi ba tare da jin nauyi ba. Idan aka miƙo wani abu a tsakiyar zama wanda ba a yi maganarsa ba, babu laifi a tambaya da fara'a ko yana cikin lissafi. Shayin maraba kam kusan ko'ina kyauta ne, kuma ƙoƙarin biyan kuɗinsa yana iya zama cin fuska.

Yaya zan tabbatar gidan na gaskiya ne kafin in tura kuɗi daga Sakkwato?

Hanya mafi aminci ita ce shaidar wanda ya taɓa sauka a wurin. Idan babu, sai a duba gidan a manhajoji irin su Booking.com ko Airbnb, a karanta abin da baƙin baya suka rubuta, musamman na watannin kusa da kuma na masu ƙorafi, domin ƙorafin da ya maimaitu a bakin mutane daban-daban da wuya ya zama ƙarya. A nemo gidan a Google Maps a ga ko sunan da wurin sun dace. Sannan a kira mai gidan ta bidiyo a WhatsApp a roƙe shi ya nuna ɗakin da banɗakin. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

Manhajojin nan suna cire kaso daga kuɗin mai masauki, wanda yakan kai kusan kashi 15 cikin 100, shi ya sa wasu masu gidaje suke cewa a yi magana da su kai tsaye za su rage. Ragin gaskiya ne, amma wanda ya fita daga manhaja ya rasa mai shiga tsakani idan rigima ta taso. Wanda zai je karon farko gara ya bi ta manhaja, ko ya nemi a yarda ya biya idan ya iso. Duk wanda ya matsa sai an tura masa kuɗin kwanakin gaba ɗaya zuwa asusun wani mutum dabam, a rabu da shi. Kafin alƙalami na dare ɗaya ya wadatar.

Waɗanne takardu ake buƙata, kuma me ya sa suke neman fasfona?

Ɗan Najeriya yana shiga ƙasashen ECOWAS irin su Senegal da Ghana da Benin ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, saboda haka mai shirin tsallakawa ta Illela zuwa Birnin Ƙonni ya binciki halin da ake ciki a bakin iyaka da kuma tsaron hanya kafin ya tashi. Maroko da Masar da Turkiyya da Malesiya duk suna buƙatar biza daga mai fasfon Najeriya. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna neman shaidar wurin da mutum zai kwana a duk tsawon zamansa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, don haka a nemi mai gidan ya aiko da takardar kama ɗaki mai ɗauke da cikakken adireshi da lambar waya da ranakun zama. Saƙon WhatsApp kaɗai ba ya isa a ofishin jakadanci. Katin allurar shawara shi ma a riƙe shi. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Neman fasfo a masauki ba zargi ba ne, kuma ba don mutum ɗan Najeriya ne ake yi ba. A ƙasashe irin su Maroko da Turkiyya da Italiya doka ce ta wajabta wa mai masauki ya rubuta bayanan baƙo ya miƙa wa hukuma. A ba shi ya kwafa, amma a karɓi fasfon a ranar, kada a bari ya kwana a hannun kowa da sunan jingina.

Yaya ake isa irin waɗannan ƙauyuka?

Yawancin tafiye-tafiyen waje daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku sai an biya ta Abuja ko Legas, wasu kuma su hau mota zuwa Kano, saboda haka mutum yakan isa babban birnin ƙasar da za shi a gajiye. Bai kamata a ɗora tafiyar ƙauye a kan wannan gajiya ba. A kwana a birni, a kama hanya da safe, a yi nufin isa kafin la'asar, domin motocin ƙauye suna ɗaukewa da wuri kuma neman gida a cikin duhu a garin da ba a san harshensa ba wahala ce da za a iya kauce mata.

A Maroko, alal misali, ana hawa babbar tasi mai ɗaukar fasinja 6 wadda ba ta tashi sai ta cika, daga Marrakesh zuwa Asni sannan Imlil. Gidaje da yawa a can suna kan tudu inda mota ba ta kaiwa, sai a ɗora kaya a kan alfadari mutum ya bi shi a ƙasa. Wanda ya taho da manyan akwatuna biyu masu taya zai gane kurensa a wannan hawan. Yankin ya sha girgizar ƙasa a ranar 8 ga Satumban 2023, don haka hotunan da aka ɗauka kafin lokacin ba lallai su nuna yadda gida yake yanzu ba.

Ta yaya zan tabbatar abincin halal ne?

A ƙauyukan Musulmi na Maroko da Turkiyya da Masar da Malesiya babu damuwa. Abin lura kawai shi ne ladubban ci, waɗanda suka yi kama da namu. A gidan Atlas, yaro ne zai zagayo da buta da tasa ya zuba wa kowa ruwa a hannu, sannan a ajiye kaskon tajin a tsakiyar ɗan gajeren teburi a ɗage murfinsa mai tsini, tururi ya tashi. Da gurasa ake ɗiba ba da cokali ba, kowa daga gabansa, naman kuma yana ƙarƙashin dankali da karas a tsakiya, ba a kai masa hannu sai maigida ya rarraba ya turo wa baƙo rabonsa. Ranar Juma'a kuskus ake yi da rana.

A Turai da wuraren da Musulmi ba su da yawa, cewa ba a cin alade kaɗai ba ta wadatar, domin mai girki tana iya cire naman amma ta soya da kitsensa, ko ta yanka 'yan ƙananan gutsattsarinsa a cikin miya da ganye, ko ta zuba giya a romo, duk ba da mugun nufi ba. A rubuta mata tun kafin zuwa cewa ba a cin alade da kitsensa da duk abin da giya ta shiga, kuma an fi son kifi da ƙwai da wake da kayan lambu. Faɗar wannan a kan teburi bayan an sha wahalar girki yana kunyata kowa. Ko a Afirka ma kada a ɗauka ko'ina ɗaya ne, domin a wasu ƙauyukan Kasamans ana kiwon alade ana shan bammi, ko da yake shinkafa da kifi ne abincin yau da kullum.

Wanda bai iya cin abinci babu yaji ba ya ƙulla garin yajinsa ya taho da shi, amma ya ɗanɗana girkin mutane kafin ya barbaɗa.

Ina batun sallah da tsarki da alwala?

Abu na farko shi ne alƙibla. Mun saba fuskantar gabas daga Sakkwato, amma a Turkiyya alƙibla tana wajen kudu, a Malesiya kuma wajen yamma take, saboda haka a tambayi mutanen gida ko a duba manhaja. Lokutan sallah ma suna sauyawa fiye da yadda muka saba: a arewacin Faransa cikin watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. Maroko da Senegal Malikawa ne kamar mu, mutum zai ji kamar yana gida a masallacinsu. Turkawa Hanafawa ne, mutanen Malesiya Shafi'awa, kuma ɗan bambancin da za a gani ba abin jayayya ba ne ga baƙo. Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri yakan cika sallarsa, kuma ya kyautu a tambayi malami kafin tafiya.

Ruwan tsarki yana nan a banɗakunan Turkiyya da Malesiya da Maroko, kuma gidajen Italiya suna da wani ɗan kwami na musamman don wanke jiki. A sauran ƙasashen Turai sai mutum ya tanadi ƙaramar butarsa ta roba. Matsalar da ta fi jawo magana ita ce jiƙa ƙasan banɗaki wajen alwala, domin daɓen gidaje da yawa na katako ne kuma babu magudana, ruwan da ya kwanta yana iya ɗiga a ɗakin ƙasa. A wanke ƙafa a wurin wanka, a goge abin da ya fantsama. Mai tashi asuba kuma ya tuna cewa bangon ɗakunan siriri ne, ya sassauta murya da ƙarar waya.

A gidajen gona na Turai kare yana shiga har falo, suna ɗaukarsa tamkar ɗan gida. Wanda ba ya so ya faɗa da lalama a hana shi shiga ɗakinsa, kada ya kore shi da tsawa a gaban masu shi.

Sanyin da ake faɗa ya wuce hunturunmu?

Ya wuce nesa ba kusa ba. Mutumin da ya saba da zafin Afrilu na Sakkwato, inda ma'auni ke haura digiri 40, yakan raina maganar sanyin Maroko saboda yana ganin ai Afirka ce, alhali dusar ƙanƙara tana sauka a ƙauyukan Atlas daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma gidaje da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki, sai tarin barguna masu nauyi. Tsakiyar Turkiyya ma haka take. A tambaya tun farko ko ɗakin yana da abin ɗumamawa da ruwan zafi, a taho da rigar sanyi mai kauri da safa da hular da ke rufe kunne.

A nan akwai haɗarin da ya kamata a ɗauka da gaske. Kaskon gawayi ko na'urar gas a cikin rufaffen ɗaki suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Kada a kwana da su a kunne. Idan tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas tana cikin banɗaki, a bar taga a buɗe lokacin wanka, kuma duk wanda ya ji ciwon kai da jiri ya fita waje nan take.

Ya dace da mai tafiya da iyali, ko mace mai tafiya da 'yan'uwanta mata?

Ta wata fuskar ya fi otal dacewa, domin akwai matan gida da za su ja Hajiya zuwa cikin gida, yara kuma su sami abokan wasa. Amma a tambaya ko banɗakin na cikin ɗaki ne ko na haɗaka da wasu baƙi, kuma ko ƙofar tana kulluwa ta ciki. Ma'aurata su riƙe kwafin takardar aurensu, domin masu masauki a wasu ƙasashen Musulmi suna tambaya, balle ma sunan miji da na mata sau da yawa ba ɗaya ba ne a fasfo. Namiji kada ya kutsa madafa ko ɓangaren mata sai an yi masa iso, kuma kada a ɗauki hoton kowa, musamman mata da yara, sai da izini. A Turai mace tana iya miƙo wa namiji hannu don gaisuwa. Wanda ba ya musafaha ya ɗora hannunsa a ƙirji ya ɗan sunkuya da murmushi, ana fahimta.

Idan ba na jin harshensu fa?

Larabcin da aka koya a makarantar allo da zaure yana amfani fiye da yadda ake zato, ko da yake yaren gida a ƙauyukan Atlas Tashelhit ne, Larabcin titi kuma ya sha bamban da na littafi. Faransanci yana aiki a Maroko da Senegal. A sauke manhajar fassara da ke aiki babu intanet tun ana birni. Abin da ya fi buɗe zuciyar mutane shi ne kiran su da girmamawa kamar yadda za a ce Baba ko Inna a gida: Sidi da Lalla a Maroko, Amja da Teze ga dattawan Turkiyya, Pak Cik da Mak Cik a Malesiya. Takalmi kuma a cire shi a bakin ƙofa a duk inda aka ga na mutanen gida a jere.

Wace tsaraba ta dace, kuma ana ba da tukuici?

Tsaraba ba dole ba ce tunda ana biya, amma tana da daɗi. Kayan fatar Sakkwato, kamar ƙaramar jaka ko alabe na fatar jar akuya, ba su da nauyi kuma suna da labarin da za a ba mai gida, domin wannan fatar ce ayari ya riƙa tsallakawa da ita Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Hula da turaren wuta ma sun yi. Kilishi kam a bar shi a gida idan Turai za a, saboda Tarayyar Turai da Ingila sun hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu, kuma jami'an kwastan suna ƙwacewa har su ci tara.

Tukuici ya fi dacewa ga mai alfadari da direba da mai rakiya. A Turai ba a saba ba wa mai gidan kansa ba. Raba wa yaran ƙauye kuɗi ko alewa a kan hanya abu ne da iyaye da yawa ba sa so, domin yana koya musu roƙo. Mai son taimakawa ya bi ta hannun maigida ko makarantar garin.

Yaya batun kuɗi da caji da waya?

A riƙe tsabar kuɗin ƙasar, ƙanana da manya, tun daga birni, domin ƙauyuka da yawa ba su da na'urar cirar kuɗi, kuma bankunanmu sun sha dakatar da amfani da katin naira a waje ko su sa masa iyaka. Dirhamin Maroko a can ake canza shi, sefar Senegal da Benin kuma tana ɗaure da yuro, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya. Mai shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ne ya bayyana wa kwastan. Soket ɗin Maroko da Senegal da Turkiyya da yawancin Turai mai rami biyu zagayayyu ne, don haka cajarmu mai baki uku tana buƙatar mahaɗi. A Malesiya irin namu ne. Layin waya na ƙasar ya fi arha, kuma a tambayi mai gida kamfanin da sabis ɗinsa ke kamawa a ƙauyen kafin a saya. Magunguna a bar su cikin kwalinsu tare da takardar likita, musamman masu ɗauke da tiramadol ko kodin, waɗanda Masar take tsanantawa a kansu ƙwarai.

Idan na tarar da abin da ban yi tsammani ba fa?

A faɗa wa maigida a keɓe, a ranar da aka gani, ba a gaban 'ya'yansa ko wasu baƙi ba. Ƙarin bargo ko gyaran famfo ko sauya ɗaki abubuwa ne da ake yi cikin sa'a guda idan an yi magana. Idan gidan ya saɓa wa abin da aka nuna gaba ɗaya, a ɗauki hoto, a sanar da manhajar da aka kama ɗakin ta cikinta kafin a kwana, a nemi wani wurin. Kuɗi da fasfo su zauna a jikin mutum ko a cikin jaka mai kwaɗo, kuma wani a gida Sakkwato ya san sunan ƙauyen da lambar mai masaukin.

Wa ya kamata ya haƙura ya kama otal?

Wanda ya je ganin likita ko yake da ciwon da zai iya tashi cikin dare, domin asibiti yana iya yin nisan sa'o'i. Haka dattijo mai ciwon gwiwa idan ƙauyen na kan dutse ne, da ɗan kasuwar da harkarsa ke cikin birni kuma yake karɓar baƙi har dare, da wanda jirginsa zai tashi da sassafe. Wanda ba ya son a tambaye shi labarin garinsu da iyalinsa a kan abinci shi ma otal ya fi masa.

Me ya kamata a yi ranar tafiya?

A nemi lissafi tun daren da ya gabata, a duba shi tare da maigida a natse, a biya, a karɓi rasit idan wurin aiki ne zai mayar da kuɗin. A wannan daren ne kuma ake tabbatar da motar safe da kuɗinta, domin a ƙauyuka da yawa motar farko ita ce ta ƙarshe da za a samu cikin sauƙi, musamman idan ba ranar kasuwa ba ce. A yi sallama da uwargida da dattawan gidan ɗaya bayan ɗaya, a miƙa makulli hannu da hannu. Kada a yi alkawarin aiko da waya ko nemo wa wani aiki ko takardar gayyata sai an tabbata za a cika. Idan an ji daɗin zama, a rubuta shaidar hakan a manhajar da aka samo gidan, a ambaci abubuwan da matafiyi irin namu zai so ya sani, kamar samun abincin halal da ruwan tsarki da nisan masallacin Juma'a daga gidan.